Kafin Ka Ɗora Hoton Nan: Jagorar Tambari, Rajista da Ƙwato Haƙƙi ga Masu Hoto da Masu Zane

A wani kemis na fara cin karo da shi. Na shiga sayen maganin mura, ina tsaye ina jiran canji, sai idona ya kai kan kalandar da ke rataye bayan mai shagon. Wani ɗan lifida ne a kan akawal, hayaƙin 'yan bindiga ya turnuƙe a bayansa, ga jan hasken la'asar sakaliya ya zuba a kan kwalkwalinsa. Hotona ne. Ni na ɗauke shi ranar Hawan Daushe a wajen Ƙofar Kudu, bayan na shafe awa uku a tsaye cikin turmutsutsu, har wani doki ya kusa take mini ƙafa. A ƙasan kalandar an rubuta sunan wani kamfani da manyan baƙi, babu nawa ko a lungu.

Washegari na isa ofishinsu da zafina. Manajan ya karɓe ni hannu bibbiyu, har da ruwan sanyi.

"Malam, ai yaronmu a Google ya samo shi. Abin da ke Google kuwa na kowa ne."

"Ranka ya daɗe, ba na kowa ba ne, nawa ne."

"To madalla. Ina shaida?"

Nan bakina ya mutu. Memorin da na ɗauki hoton na riga na goge shi na ɗora wani biki a kai, kwamfutar da na juye hotunan ta ƙone tun da damina, abin da ya rage mini kawai shi ne kwafin da ke shafina na Facebook, wanda mutum ɗari suka sauke suka sake ɗorawa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Maganarsa ta farko ba daidai ba ce, amma tambayarsa ta biyu tana kan hanya, domin ko a gaban alƙalin shari'a hujja a wuyan mai da'awa take. Duk matakan da ke tafe amsar wannan tambayar ce.

Abin da doka ta riga ta ba ka

Haƙƙin mallaka ba a ofis ake samunsa ba. Da ka danna kyamara, ko ka ɗaga alƙalami daga kan zanen da ka gama, haƙƙin ya tabbata naka. Haka yarjejeniyar Berne ta 1886, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mallaka, ta tanada, kuma ƙasashe sama da 180 suna cikinta, har da Najeriya da ta shiga a 1993, da Nijar da Gana da Kamaru. Hoton da aka ɗauka a Zariya yana da kariya a Faransa ko Jamus ba tare da an cike ko fom ɗaya ba.

A Najeriya dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Ta bambanta hoto da zane wajen wa'adi: zane yana cikin kariya tsawon rayuwar mai shi da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wato gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci, hoto kuwa shekara 50 ne daga lokacin da aka fara fitar da shi ga jama'a.

Abin da dokar ba ta karewa shi ne dabara da salo. Idan wani ya je Argungu ya tsaya inda ka tsaya ya ɗauki masunta da goransu, hotonsa nasa ne. Dagin Arewa ma ba na wani mai zane ɗaya ba ne, sai dai irin fasalin da kai ka fitar da shi a aikinka.

Mataki na farko: riƙe uwar hoto

Wannan ya fi kowane mataki muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa sakaci saboda ba ya cin kuɗin kirki. Masu hoton dauri sun san darajar nagatif. Wanda nagatif ke hannunsa shi ne mai hoto. Nagatif ɗin yau shi ne ɗanyen fayil da kyamara ke fitarwa, wato RAW. A Canon yana zuwa da wutsiyar CR2 ko CR3, a Nikon NEF, a Sony ARW, wayoyi da yawa kuma suna iya ajiye DNG idan ka shiga saitin kyamararsu. Kada ka ba kowa wannan fayil, ko wanda ya biya ka kuɗin aiki, sai in kun yi ciniki a kansa daban.

Gyara agogo da kwanan watan kyamararka tun yau. Kyamarori nawa ne ke yawo a gidajen biki suna rubuta shekarar da aka ƙera su a jikin kowane hoto? Ranar da rigima ta tashi, wannan kwanan watan na bogi kanka zai komo.

Kada ka goge hotunan da ke gaba da bayan wanda ka zaɓa. Ɓarawo yana da hoto ɗaya, kai kana da goma sha biyu a jere: dokin yana tahowa, ya ɗaga ƙafa, ya juya. Ba mai iya ƙirƙiro wannan jerin. Akwai kuma wata 'yar dabara da na koya bayan abin da ya same ni: kafin in ɗora hoto nakan datse gefe-gefensa kaɗan. Duk wanda ya ce nasa ne, sai in ce ya nuna abin da ke hagu da inda hoton ya ƙare. Ni ina da shi, shi ba shi da shi.

Mai zane da hannu ya riƙa ɗaukar aikinsa hoto yana cikin yi, tun daga zanen fensir har zuwa shafa launi na ƙarshe, ya sa hannu da shekara a jiki, ya kuma adana takardun gwaji ko da sun yi datti. Mai zane a kwamfuta ya ajiye fayil mai leya-leya, irin PSD na Photoshop. Manhajar Procreate tana naɗar bidiyon yadda zanen ya taso daga layin farko. Wannan bidiyon shaida ce da ba ta da tamka.

Sannan ajiya. Wuri uku: kwamfutarka, da faifan ajiya na waje da ba kullum yake jone da wuta ba, da kuma ma'ajiyar intanet irin Google Drive. Mu da wutarmu ke zuwa da ƙarfi ba sallama, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Mataki na biyu: rubuta sunanka a cikin hoton

Kowane hoto yana ɗauke da wasu bayanai a cikinsa da ido ba ya gani, ana ce musu metadata. Akwai EXIF, wanda kyamara ke rubutawa da kanta: irin kyamara, lokaci, saitin haske. Akwai IPTC, wanda kai kake cikewa: sunan mai hoto, sanarwar haƙƙin mallaka, yadda za a same ka.

A kyamarorin Canon da Nikon akwai wuri a cikin menu mai suna Copyright information. Rubuta sunanka sau ɗaya, daga nan kowane hoto da shi zai fito. A Lightroom kuma, wato manhajar tsarawa da gyaran hotuna, za ka iya haɗa saiti guda na metadata wanda zai riƙa hawa kan duk hoton da ka shigo da shi. Wanda ba shi da Lightroom yana iya amfani da GIMP ko ExifTool, duka kyauta ne. Tun 2018 Google yake nuna sunan mai hoto a sakamakon bincike idan an cike waɗannan gurabe, kuma hoton yana kan shafin da bai goge su ba.

Matsalar ita ce shafukan sada zumunta galibi suna share yawancin bayanan nan lokacin ɗorawa. WhatsApp ma haka, sai dai idan ka aika hoton a matsayin dokumen. Duk da haka ka cike, domin wanda ya karɓi hoto daga hannunka ta imel ko filasha ba zai ce bai san mai shi ba.

Hattara da abu ɗaya: waya tana rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto. Idan a cikin gidan mutane ka yi aiki, cire wannan kafin ka aika wa kowa.

Mataki na uku: rage girman abin da za ka ɗora

Hoto mai kyau a takarda yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci. Cika takardar A4 yana cin fiksel, wato ɗigon hoto, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Idan ka ɗora hoto mai faɗin fiksel 1080, wanda ya ishi Instagram, ɓarawo ba zai samu bugu mai tsafta da ya wuce inci uku da rabi da 'yan kai ba. Don Facebook ko shafinka na kanka, 2048 a dogon gefe ya isa har ya yi yawa. Wannan ba zai hana mai buga manyan allunan talla da fostar siyasa ba, tunda daga nesa ake kallon nasu, ga kuma manhajojin da ke ƙara wa hoto girma. Amma ya rage, kuma babban fayil ya zauna a hannunka kai kaɗai.

Mataki na huɗu: tambari

Ɗaga takardar Naira ga haske, za ka ga wani hoto shara-shara a cikin jikin takardar. Daga irin wannan alama ta masu yin takarda aka aro sunan wotamak. A wajenmu tambari ne kawai, kamar yadda makiyayi ke yi wa shanunsa alama don kada su ɓace a cikin garken wani.

Abin da za ka rubuta gajere ne: alamar ©, shekara, sunanka ko na shagonka, da hanya ɗaya ta samunka. Doka ba ta wajabta alamar © ba, amma tana toshe bakin mai cewa bai sani ba. Suna kuwa yana da nauyi na musamman, domin yarjejeniyar Berne ta ce wanda sunansa ya bayyana a jikin aiki yadda aka saba, shi ake ɗauka mai aikin har sai an kawo hujjar da ta rushe hakan. Ka ga ke nan tambari yana juya nauyin kawo shaida zuwa wuyan wancan.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin sa shi. Yawancinmu a kusurwar ƙasa muke maƙala shi, kan fili ko sararin sama, inda yaro ma zai datse shi da yatsa biyu. Wasu kuma sukan shimfiɗa suna ɓaro-ɓaro a kan fuskar amarya, su kashe hoton da hannunsu, wanda da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ni abin da nake yi ya danganta da inda hoton zai je.

Idan na talla ne, wanda nake so a gani a yaba, sai in sa ƙaramin tambari a cikin hoton, ba a bakinsa ba, a kan wuri mai tarkace: aikin wuyan babbar riga, adon sirdi, ganyen bishiya, inda gogewa za ta bar tabo. Ƙarfinsa tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari, yadda za a iya karantawa amma ba zai tsone ido ba. Fari a kan wuri mai duhu, baƙi a kan mai haske.

Idan kuwa samfur ne da zan tura wa mai biki ya zaɓa kafin ya cika kuɗi, to nan ba kunya. Tambarin yakan ratsa hoton gaba ɗaya a karkace, a maimaice. Duk mai hoton da ya taɓa tura samfur mai tsafta, ya wayi gari ya gan shi a sitatus ɗin dangin ango kaf alhali ragowar kuɗinsa na can, ya san dalili.

Yadda ake yi a aikace: buɗe Canva ko PixelLab ko Photoshop, rubuta tambarin a kan fili marar bango, ka ajiye shi a matsayin PNG, domin JPEG ba ya riƙe shara-shara, zai sa masa farin bango. Yi guda biyu, fari da baƙi. A Lightroom, wajen fitar da hoto akwai gurbin wotamak. Zaɓi PNG ɗin, daidaita girma da wuri da ƙarfi, ka ajiye saitin. Daga nan ko hoto ɗari biyar ne zai buga musu a tashi ɗaya. Mai aiki da waya yana iya yi da Lightroom na waya, ko ya yi amfani da kayan rubutu na Snapseed. A kan kwafi ake buga tambari, kada ka kuskura ka buga a kan uwar hoto.

Sai dai kada ka ɗauka ka gama. A 2017 masu bincike na Google suka nuna cewa idan tambari iri ɗaya ne sak a kan hotuna masu yawa, kwamfuta tana iya gano fasalinsa ta cire shi tas daga dukkansu. Maganin da suka bayar shi ne a riƙa ɗan murɗa siffar tambarin daga hoto zuwa hoto, kuma kamfanin Shutterstock mai sayar da hotuna a intanet ya koma yin hakan. Yau da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka cika wayoyi, gogewa ta ƙara sauƙi. Saboda haka ka riƙa sauya wuri da girma da karkata. Nakan kuma ɓoye wani ƙanƙanin tambari na biyu a cikin inuwa ko ƙarƙashin wuyan doki. Ɓarawo yakan goge wanda ya gani ya tafi yana murna.

To in ana iya gogewa, mene ne amfaninsa? Na farko, yawancin masu ɗaukar hoton mutane ba ƙwararrun ɓarayi ba ne, ragwaye ne. In sun ga tambari sai su nemi wani hoton. Na biyu, mai son saye da gaskiya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na uku, gogewar kanta laifi ce daban. Dokar Najeriya ta 2022 ta hana cirewa ko sauya bayanan haƙƙin mallaka da ke jikin aiki, a Amurka kuma dokar DMCA ta 1998 ta sa diyyar dala 2,500 zuwa 25,000 a kan kowane irin wannan laifi. Wanda ya goge sunanka ya shaida da hannunsa cewa ya san akwai mai shi.

Akwai kuma tambarin ɓoye, wanda ake saƙawa a cikin ɗigon hoton yadda ido ba ya gani sai manhaja, irin na kamfanonin Digimarc da Imatag. Yakan jure datsewa da rage girma, amma na kuɗi ne, ya fi dacewa da mai sayar wa jaridu da kamfanonin waje. Masu zanen da ke tsoron a ciyar da aikinsu ga injinan ƙirƙirarriyar basira su koyi salonsu suna iya gwada Glaze, wadda masu bincike a Jami'ar Chicago suka fitar kyauta a 2023.

Mataki na biyar: rajista

Tunda haƙƙi ya riga ya tabbata, me ya sa za a biya kuɗin rajista? Saboda takardar hukuma mai kwanan wata tana rage gardama. Lokacin da manajan nan ya ce "ina shaida", da satifiket na zaro daga jaka, da shayi za mu sha mu yi ciniki.

Hukumar da ke wannan aiki ita ce Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, mai hedikwata a Abuja da ofisoshi a jihohi da dama. Ana taƙaita sunanta da NCC, kuma nan mutane ke ruɗewa, don hukumar sadarwa mai kula da layukan waya ma haka ake taƙaita nata. Wani ruɗanin kuma: rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare hotunanka, sunan shago kawai ta kare.

Ana yin rajistar ta intanet a tsarin hukumar mai suna NCeRS. Ka buɗe asusu da sunanka na gaskiya kamar yadda yake a katin shaida. Ka zaɓi rukunin aikin. Hoto da zane duk suna ƙarƙashin ayyukan fasaha ne. Ka rubuta sunan aikin, da wanda ya yi shi, da wanda ya mallake shi in sun bambanta, da shekarar da aka yi shi, da ko an taɓa fitar da shi. Ka ɗora kwafi, ka biya kuɗin da shafin ya nuna ta hanyar biyan da shafin ya bayar, ba ta hannun wani ɗan tsakiya ba, ka adana rasit. Idan an duba an amince, sai a ba ka takardar shaida. Ba wa kowane aiki suna na kansa, kada ka bar shi da lambar da kyamara ta ba shi, kuma ka ajiye ainihin fayil ɗin da ka ɗora a folda ɗaya da satifiket ɗin.

Ba kowane hoto ya cancanci wannan ba. Mai ɗaukar biki uku a mako ba zai yi wa hoto dubu rajista ba. Zaɓi waɗanda za su iya kawo kuɗi shekara da shekaru: hawan sallah, tsofaffin gine-gine, kasuwanni, zanen da za a iya bugawa a atamfa ko bangon littafi. A Nijar ofishin BNDA da ke Yamai ne ke kula da haƙƙin masu fasaha, a Gana kuma akwai Ofishin Haƙƙin Mallaka da ke aiki da dokar 2005.

Rajistar Amurka wani babi ne, kuma ta shafe ka ne kawai idan hotunanka na iya faɗawa hannun jaridu da kamfanonin can. Baƙo ma yana da damar yi, ta shafin Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka. Ana iya haɗa hoto har 750 a fom ɗaya, muddin mutum ɗaya ya ɗauke su, kuma ba a gauraya waɗanda aka fitar da waɗanda ba a fitar ba. Waɗanda aka fitar ɗin su kasance na shekara ɗaya. Kuɗin da aka tsayar wa wannan rukuni a jadawalin 2020 dala 55 ne. Ribar tana wajen diyya: idan ka yi rajista kafin a saci aikin, ko cikin wata uku da fara fitar da shi, kotu tana iya yanke maka dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki ba tare da ka lissafa asararka ba, har zuwa 150,000 idan da gangan aka yi, a kuma ɗora wa wancan kuɗin lauyanka. In ka makara, sai abin da ka iya tabbatarwa na asara da ribar da ya ci. Shi ya sa ƙwararru suke tara hotunansu su yi rajista duk wata uku.

Kada ka ce wa zai saurari talaka. Daniel Morel mai hoto ne ɗan ƙasar Haiti. Ranar da girgizar ƙasa ta afka wa ƙasarsa a watan Janairun 2010, ya ɗora hotunansa ta Twitter, wani ya kwafe su, kamfanin dillancin labarai na AFP da kamfanin sayar da hotuna na Getty Images suka rarraba su duniya ba da izininsa ba. A watan Nuwamban 2013 wata kotu a New York ta yanke masa diyyar kusan dala miliyan 1.2 a kan hoto takwas.

Mataki na shida: rubuta yarjejeniya, ko da layi biyar ce

Rigimar da ta fi yawa ba da baƙo ake yin ta ba, da wanda ya ba ka aiki ne. Dokar 2022 ta ce sayar da haƙƙi ɗungurungum, ko ba wani izinin da ya hana kowa sai shi, ba ya inganta sai a rubuce. Wanda ya sayi zanenka ya rataye a falo ya mallaki allon ne, bai mallaki ikon buga shi a riguna ba.

Amma igiyar tana ja ta ɗaya gefen ma, kuma masu hoton biki su saurara da kyau. Idan an ɗauke ka aikin hoto na gida ko na iyali, dokar ta ba wanda ya ba ka aikin damar amfani da hotunan ba don kasuwanci ba, ta kuma ba shi ikon hana ka yaɗa su, sai in kun rubuta akasin haka. Wato ɗora hoton amaryar mutane a Instagram don tallar shagonka, da tambarinka a kai, ba tare da yardarsu ba, zai iya ja maka abin da ya fi satar hoto ciwo. Tambaya tukuna, a rubuce, ko ta WhatsApp ne.

Ga kamfani kuwa, rubuta hoto kaza, don amfani kaza, na tsawon lokaci kaza, a kan kuɗi kaza, da sunanka a jiki. Karanta sharuɗɗan gasar hoto kafin ka shiga, domin wasu kyautar waya ɗaya suke bayarwa su kwashe haƙƙin hotunan duk wanda ya shiga. Facebook da Instagram ba sa mallakar abin da ka ɗora, izinin nunawa da rarrabawa ka ba su lokacin da ka amince da sharuɗɗansu. Dogon saƙon nan da ake yaɗawa wai "ban ba Facebook izini ba" kuwa ba ya tsinana komai.

Mataki na bakwai: sintiri, da abin yi in ka kama

Sau ɗaya a wata, ɗauki hotunanka goma da suka fi tashe ka saka su a Google Lens da TinEye ɗaya bayan ɗaya. Za su nuna maka shafukan da hoton ya bayyana. Kamfanoni irin su Pixsy suna yin wannan sintirin a madadinka, har su bi maka kuɗi su cire kasonsu. Abin da ke kan takarda, kamar kalandata, sai dai ido da 'yan uwa masu kula.

Rana dubu ta ɓarawo. Idan taka ta zo, kada ka fara da zagi a ƙarƙashin hoton, domin zai goge ne kawai ya bar ka da ihu bayan hari. Tara shaida tukuna: sikirinshot da ke nuna sunan shafin da kwanan wata, adireshin shafin, da kwafinsa a Wayback Machine, wato ma'ajiyar da ke adana kwafin shafukan intanet. In kaya ne ake sayarwa, sayi ɗaya ka karɓi rasit.

Daga nan ka auna wanda ka kama. Ɗalibar da ta sa zanenka a shafinta don sha'awa, ce mata ta rubuta sunanka ya wadatar, wataƙila ma ta jawo maka ciniki. Kamfanin da ke cin riba da guminka kuwa takarda za ka rubuta masa, cikin ladabi, ba barazana:

"Assalamu alaikum. Hoton da ke shafi na uku na kalandarku ta bana nawa ne, na ɗauke shi ranar kaza a wuri kaza, ga shaidar rajista a haɗe. Ban ba da izinin amfani da shi ba. Kuɗin izinin irin wannan amfani naira kaza ne. Ina roƙon ku biya, ko ku janye shi mu tattauna diyyar abin da aka riga aka buga, cikin kwana 14."

Idan an yi kunnen uwar shegu kuma abin a intanet yake, kai ƙara wurin masu dandalin. Facebook, Instagram, TikTok, YouTube da X duk suna da fom na musamman na haƙƙin mallaka, daban da maɓallin kai ƙara na gama-gari. Za su nemi sunanka da hanyar samunka, inda aikinka na asali yake, adireshin wanda aka sata, da furucin cewa abin da ka faɗa gaskiya ne kuma kai ne mai haƙƙin. Ka sani Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, takan nuna wa wanda ka kai ƙara sunanka da imel ɗinka, don haka yi amfani da na sana'a. Idan shafin kansa ne, aika sanarwar ga kamfanin da ke ɗauke da shafin, ka kuma nemi Google ya cire shi daga sakamakon bincike. Dokar Najeriya ta 2022 ita ma ta shigo da wannan tsari na sanarwa da saukewa, har da dakatar da asusun mai maimaita sata.

Wanda aka sauke wa hoto yana da damar musantawa. A tsarin Amurka, in ya yi haka, dandalin zai mayar da hoton bayan kwanakin aiki 10 zuwa 14, sai dai in ka nuna ka shigar da ƙara kotu. Kada ka kai ƙarar abin da ba naka ba don huce haushi. Furucin da ka sa wa hannu daidai yake da rantsuwa.

In abin ya kai ga shari'a, a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙarar haƙƙin mallaka, ba kotun majistare ko ta jiha ba. Kana iya kai koke ga hukumar haƙƙin mallaka ma, musamman idan bugu ake yi da yawa ana sayarwa, domin tana da jami'an bincike da ikon kama kaya. Kafin ka je wurin lauya, haɗa folda ɗaya: ɗanyen fayil da 'yan uwansa na gaba da baya, satifiket, sikirinshot, kwafin wasiƙar da ka aika, da rasitan da ke nuna nawa ka saba sayar da irin wannan hoton, domin da su za a auna abin da za ka nema.